Rauni a Ka, Lantarki a Laka

Akwai wani matashi a layinmu, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da babur ya maka da kwalta shekara uku da suka wuce. Babu hular kwano a kansa. Kwana goma sha ɗaya ya yi bai san wanda ke kansa ba. Da ya farfaɗo aka yi ta hamdala, don ko ƙashi ɗaya bai karye ba, hoton bayansa ma ya fito lafiya lau. Sai da aka dawo gida aka ga abin da hatsarin ya bari. Hannun dama ya naɗe a ƙirji, gwiwar hannu a tanƙware, yatsu a dunƙule kamar ya damƙe abin da ba ya so a gani. Kullum da safe mahaifiyarsa takan zauna a tabarma ta ɗora hannun a cinyarta, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta goge tafin da tsumma mai ɗumi don kada ya yi wari. Tana saki su koma yadda suke. Tuwo da hagu yake ci. Gaisawa ma hagun yake miƙawa, yana cewa a yi haƙuri.

Ranar da na raka su gashi, na ji ta tambayi likitan: "Likita, ni abin da ya ɗaure min kai, a ɓarin hagu kan ya bugu, hannun nan kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. To me ya kashe shi?" Ya ce, "Mama, hannun lafiyarsa ƙalau, lakar ma haka. Saƙon ne ba ya isowa da ƙarfi."

A kan wannan amsa aka gina wata dabara da masu bincike a Amurka, Turai da Asiya ke gwadawa a yanzu: a manna filastar lantarki a bayan wuya ko a tsakiyar baya, a riƙa zaburar da laka ta saman fata ba tare da an yanka kowa ba, da fatan hannu ko ƙafar wanda ya bugu a ka su dawo aiki. Da farko abin yakan yi kama da shirme. Ciwo na ka, ana magani a baya? Amma akwai hankali a ciki, sai dai hankalin ya yi wa hujja nisa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da ya kamata mai jinya ya sani kafin wani ya karɓe masa kuɗi.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, kusan kamar awara, tana lilo cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya kwatsam ko ya murɗe da ƙarfi, ita ba ta tsayawa tare da shi. Takan bugi ƙashi, takan kuma murɗe a cikin kanta, sai dogayen zaruruwan da ke kai saƙo daga sashe zuwa sashe su miƙe fiye da ƙima, wasu su tsinke nan take, wasu su lalace cikin kwanakin da ke biye. Wata likita a Ingila, Sabina Strich, ta bayyana irin wannan ɓarna tun 1956, kuma sau da yawa hoton kai na farko da ake ɗauka a asibiti ba ya nuna ta sosai. Likitoci kan auna tsananin bugun da ma'aunin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a Glasgow a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya sami 8 ko ƙasa da haka, nasa mai tsanani ne. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2018 ya ce mutane wajen miliyan 69 ke samun raunin ka a duniya kowace shekara, daga mai sauƙi zuwa mai muni.

Hausa ta haɗa abubuwa uku a kalmar jijiya: ta jini, ta agara, da ta saƙo. A nan ta saƙo ake nufi. Daga sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin motsi, zaruruwa kusan miliyan ɗaya a kowane ɓari ke gangarowa zuwa laka. A daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, wajen takwas zuwa tara cikin goma nasu sukan tsallaka zuwa ɗaya ɓarin. Amsar rabin tambayar Mama ke nan: ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da hannun dama. Ɗaya rabin kuwa shi ne bugu ba kasafai yake tsinka zaruruwan duka ba. Wasu sukan tsira. Saƙo na saukowa, amma ya yi rauni ƙwarai, bai kai ya tayar da tsoka ba.

To ita lakar fa? An daɗe ana ɗaukarta kamar wayar lantarki kawai, mai kai saƙo ta dawo da saƙo. Duk wanda ya taɓa yanka kaza ya san ba haka ba ne. An raba kai da jiki, amma ga ta tana fuka-fuki tana harba ƙafafu, hagu da dama, bi da bi. Wa ke tsara wannan bi da bi? Laka ce. A 1911 wani masani ɗan Birtaniya, Thomas Graham Brown, ya nuna a jikin kyanwa cewa lakar da aka raba da ƙwaƙwalwa na iya fitar da tsarin taku da kanta. Tsawon lakar babban mutum wajen santimita 45 ne, kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, jijiyoyi 31 ke fita ta kowane gefe. Kowace jijiya tana da saiwa biyu: ta baya mai shigo da labari daga fata, tsoka da gaɓoɓi, da ta gaba mai fita da umarni zuwa tsoka. A wurare biyu lakar ta fi kauri saboda yawan aikin da ke wurin, wato a ƙasan wuya inda ake sarrafa hannuwa, da wajen inda haƙarƙarin ƙarshe ke haɗuwa da ƙashin baya, inda ake sarrafa ƙafafu. Ƙwaƙwalwa ba ta bin tsoka ɗaya-ɗaya tana cewa ke matse, ke saki. Niyya take aikowa, laka ta rarraba aikin.

Ba don motsi aka fara sa wa laka lantarki ba. A 1967 likitan tiyata Norman Shealy ya dasa na'ura a kan lakar wani mara lafiya don rage masa raɗaɗi, har yau kuma ana wannan aikin. Daga baya aka lura cewa wasu da aka dasa wa, ƙafafunsu na sakin jiki. A 1998 Milan Dimitrijevic, Yuri Gerasimenko da Michaela Pinter suka nuna cewa idan aka zaburar da ƙasan lakar mutanen da suka shanye gaba ɗaya, suna kwance ƙafafunsu kan shiga motsi irin na taku. Labarin da ya karaɗe duniya shi ne na Rob Summers, ɗan wasa Ba'amurke da mota ta kaɗe a 2006. Sai da ya yi zaman atisayen tafiya 170 cikin wata 26 ba wani canji, sannan tawagar Susan Harkema a Louisville, tare da Reggie Edgerton na jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles, suka dasa masa na'ura mai bakin lantarki 16. A rahoton da ya fito a mujallar Lancet a 2011, ya miƙe tsaye na 'yan mintuna a kan ƙafafunsa. Abin da ya fi ba masu binciken mamaki ya zo ne bayan watanni: in na'urar na kunne, yakan motsa yatsun ƙafa da niyyarsa. Ashe zaruruwan da aka ɗauka sun mutu duka, akwai waɗanda suka tsira. A 2018 Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch a Lausanne ta ƙasar Suwizalan suka nuna mutum uku suna takawa da irin wannan dashe.

Dashe kuwa tiyata ce a kan laka, da tsadarta da haɗarin ƙwayoyin cuta da ƙarancin likitocin da suka iya. Shi ya sa aka koma tambayar ko za a iya isa wurin daga waje. A 2007 Karen Minassian da abokan aikinsa a Vienna suka nuna cewa filasta a kan fatar baya na iya tayar da saiwoyin bayan laka, waɗanda dashen ma su yake tayarwa. A 2015 Gerasimenko da Edgerton suka ba da rahoton maza biyar da suka shanye, waɗanda aka kwantar a gefe aka rataye ƙafafunsu don nauyi ya ragu, kuma bayan makonni ana zaburar da lakarsu ta fata suka riƙa kaɗa ƙafafun da kansu kamar masu tafiya.

Yadda abin ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Lantarkin ba ya shiga cikin tsakiyar lakar ya kunna ta kamar fitila. Abin da ya fi saurin kamawa su ne manyan zaruruwan saiwar baya, masu kawo labarin inda gaɓa take da yadda tsoka ta miƙe. Su kuma kai tsaye suke haɗuwa da ƙwayoyin da ke ba tsoka umarni. Kowace irin wannan ƙwaya kamar randa ce, ba ta aika umarni sai ta cika ta tumbatsa. A lafiyayyen mutum ƙwaƙwalwa da bokiti take zubawa, nan da nan randa ta tumbatsa. A wanda ya bugu, da moɗa take zubawa, randar kuma tana yoyo, don haka ko kusa da baki ba ta zuwa. Aikin lantarkin shi ne ya riƙe ruwan a daf da baki, ta yadda moɗa ɗayan nan da ke zuwa daga sama za ta isa. Shi ya sa ake tsayar da ƙarfinsa ƙasa kaɗan da inda hannu zai motsa da kansa. Ba a so na'ura ta motsa hannun. So ake mai hannun ya motsa shi.

Wannan ne ya bambanta dabarar da na'urorin da aka saba gani a ɗakin gashi, waɗanda ake mannawa a kan tsokar kanta ta riƙa harbawa ko mutum ya so ko bai so ba. Ya kuma bambanta ta da ƙaramar na'urar rage ciwo da ake kira TENS.

Zaman jinyar ba shi da wani abin kallo. Mara lafiya na zaune gaban teburi. Likitan gashi zai sa ya sunkuyar da kai, ya laluba da yatsa har ya sami ƙashin nan da ya fi turowa a gindin wuya, na bakwai ke nan a jerin ƙasusuwan wuya, daga nan ya ƙirga sama. Zai goge fatar, ya manna filasta biyu masu faɗin murfin kwalbar lemo a tsakanin ƙasusuwan, sannan manya biyu a kan ƙashin ƙugu ko na karankarma don lantarkin ya sami hanyar komawa. Sai a fara ƙara ƙarfi a hankali, ana tambayarsa me yake ji. Da farko tsikari, kamar tururuwa na bin wuya, daga baya tsokar wuyan ta ɗan ɗaure. Ana aika bugu wajen 30 a kowace daƙiƙa, ƙarfin kuma yakan kai gomman miliamfa, wato ma'aunin ƙarfin lantarki. Daga nan aiki ya tashi, kusan awa guda: ɗauki kwabo daga kan teburi, murɗa makulli, matse maƙalin shanya, juya katin waya, kai kofi baki ka ajiye, sake, sake. Yawancin na'urorin sukan cusa kowane bugu cikin wata girgiza mai sauri, sau 10,000 a daƙiƙa, da hujjar cewa fata ta fi jure ta. Wasu binciken da suka biyo baya sun nuna cewa da wannan girgizar sai an ƙara lantarki sosai kafin a sami amsa iri ɗaya daga jijiya, don haka maganar sauƙin ba a gama ta ba tsakanin masana.

Me ya sa sai da maimaici? Domin hanyoyin jijiya kamar hanyar ƙafa ce a gona. In ana bi ta fito fili, in an bari ciyawa ta cinye ta. Duk lokacin da niyya ta taso daga sama ta isa tsoka, aka sami motsi, mahaɗar da saƙon ya bi takan ƙara ƙarfi. Lantarkin yana ba da damar a bi hanyar sau ɗari a zama ɗaya maimakon a yi ta yunƙuri ba a isa ba. In hanya ta fito, ana sa ran ko an kashe na'urar za ta ci gaba da biyuwa. A wani bincike na mutum shida masu raunin lakar wuya da aka yi a jami'ar Washington da ke Seattle, wanda ya fito a 2021, ci gaban da aka samu ya dore wata uku zuwa shida bayan an daina sa lantarkin.

Akwai wani abu da ke kama da tufka da warwara. Hannun yaron layinmu ba saki ya yi ba, ƙagewa ya yi, wato laka ta rasa mai tsawatar mata daga sama, tana ta matse tsoka ba dalili. To in an ƙara mata lantarki, ba ƙara ƙagewa za ta yi ba? Abin da aka gani akasin haka ne. Zaruruwan saiwar baya ba ƙwayoyin umarni kaɗai suke tayarwa ba, har da masu birki, waɗanda ke sa tsokar gaba ta saki idan ta baya ta matse. Ursula Hofstoetter da tawagar Vienna sun gwada bugu 50 a daƙiƙa na tsawon minti 30 a kan masu raunin laka, suka ga ƙagewar ƙafafu ta ragu har wajen awa biyu bayan zaman. Awa biyu ba warkewa ba ce, amma ta isa a yi atisayen da da ƙagewar ba zai yiwu ba.

Gwaji mafi girma zuwa yanzu shi ne wanda aka wallafa a mujallar Nature Medicine a watan Mayun 2024, ƙarƙashin jagorancin Chet Moritz, da na'urar ARC-EX ta kamfanin ONWARD. An yi shi a cibiyoyi 14 a Amurka, Kanada, Birtaniya da Holan. Mutum 60 suka kammala, dukansu masu raunin lakar wuya da ya haura shekara guda, akwai wanda nasa ya kai shekara 34. Sun yi wata biyu suna atisaye zalla, sannan wata biyu atisaye da lantarki, aƙalla sau 12 a wata. Mutum 43, wato kashi 72 cikin 100, sun sami ƙaruwar ƙarfi da ta aikin hannu da ta kai mizanin da aka gindaya, kuma ba a sami mummunar illa daga na'urar ba. A watan Disambar 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta ba da izinin amfani da ita. Ni dai ina ganin nasara ce ta gaske, amma da tabonta. Babu rukunin da aka sa wa na'urar bogi don a kwatanta, kowa ya san lokacin da aka kunna masa, kowa atisaye ya fara yi kafin lantarki, kamfanin da ke sayar da na'urar kuma shi ya ɗauki nauyin gwajin. Sannan izinin da aka bayar na masu raunin laka ne. Bai haɗa da masu raunin ka ba.

Gadar da ta haɗa laka da ka ta zo ne ta ɓangaren masu shanyewar ɓarin jiki. A Fabrairun 2023 tawagar Marco Capogrosso a Pittsburgh ta ba da rahoton mata biyu da suka yi shekaru hannu ɗaya ba ya aiki bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa. An zura musu siraran wayoyi kusa da lakar wuya na kwana 29. In an kunna, ƙarfin damƙar ɗaya yakan ƙaru da kashi 40 cikin 100, na ɗayar ya ninka, har guda daga cikinsu ta buɗe kwaɗo ta kuma ci abinci da cokali mai yatsu da hannun da ya daɗe a ajiye. Wannan ba ta saman fata aka yi ba, kuma mutum biyu ne rak. Muhimmancinsa shi ne ciwon a ƙwaƙwalwa yake, laka lafiyayya, kuma taɓa lakar ya yi amfani. A wata fuskar ma mai raunin ka ya fi mai raunin laka sa'a, tunda wurin da ake zaburarwa bai taɓu ba ko kaɗan.

A kan masu raunin ka su kansu, abin da ke ƙasa bai taka kara ya karya ba tukuna. A 2020 masu bincike a jami'ar Foliteknik ta Hong Kong suka wallafa rahoton mutum guda da aka haɗa wa atisaye da zaburar da lakar wuya ta fata, aikin hannunsa ya ƙaru. Yawancin sauran rahotannin ma irin wannan ne, na mutum ɗaya ko biyu ko 'yan tsiraru. Rahoton mutum ɗaya yana nuna cewa abu na iya yiwuwa, ba ya nuna wa zai yi wa aiki da wa ba zai yi wa ba. Wanda aka gwada wa bai ga canji ba kuwa, da wuya labarinsa ya kai mujalla. Ga shi kuma masu raunin ka kan samu sauƙi da kansu, musamman a watanni shida na farko, don haka in an sa na'ura a lokacin, sai a ba ta ladar aikin da jiki ya yi. Shi ya sa masu bincike ke zaɓar waɗanda suka shekara ko fiye abin ya tsaya cak. Ko a nan ma, mutumin da ya yi shekara biyu a kwance a gida, aka zo aka ba shi awa guda na atisaye sau uku a mako da ƙwararre a kansa, ai dole a ga wani abu, ko da lantarki ko babu.

Sai kuma inda gizo ke saƙa. Raunin laka a wuri ɗaya yake, ƙwaƙwalwar da ke sama garau. Raunin ka a warwatse yake, babu mutum biyu masu iri ɗaya. Lasifika tana taimakon mai ƙaramar murya, amma wanda maganarsa ta cakuɗe, in ka ba shi lasifika cakuɗaɗɗiyar magana za ka ji da ƙarfi. Wani matsalarsa rauni ne, saƙon daidai yake sai dai ba ƙarfi, shi ne ya dace da wannan dabara. Wani ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ce ta bugu, ƙarfi na nan amma hannu na rawa yana wuce kofi, tafiya kamar ta mashayi. Wani hannunsa na motsi lafiya, amma ya manta jerin yadda ake sa riga. Wani ba ya iya tattara hankali minti biyar, ko ya gaji tun ba a je ko'ina ba, ko ya fusata ya ture teburin, kuma ba halinsa ba ne, raunin ne. Dabarar da ta dogara kacokan a kan mutum ya yi niyya sau ɗaruruwa tana buƙatar ƙwaƙwalwar da za ta iya riƙe niyyar. Akwai kuma gaɓar da ta riga ta daskare saboda daɗewa a tanƙware, ko wadda sabon ƙashi ya tsiro a kewayenta, abin da kan faru a gwiwar hannu, kafaɗa da ƙugu bayan mummunan bugun ka. Wannan ko lantarkin Kainji aka jona mata ba za ta buɗe ba.

Illolin da aka saba gani ƙanana ne: jan fata a wurin filasta, ɗaurewar wuya, wani lokaci hawa ko saukar jini. Amma a gwaje-gwajen ana tace mutane kafin a ɗauke su. Akan ware masu na'urar daidaita bugun zuciya, masu juna biyu, da masu farfaɗiyar da ba ta lafa ba, farfaɗiya kuwa tana cikin abubuwan da kan biyo bayan mummunan raunin ka, wani lokaci bayan shekaru. Akwai kuma wurin da ba a sa lantarki sam, wato gaban wuya da gefensa, inda manyan jijiyoyin jini da maƙogwaro suke, don yana iya faɗar da hawan jini kwatsam ko ya shaƙe numfashi. Na faɗi wannan ne saboda na'urorin tausa masu batir sun cika kasuwanni da shafukan Facebook, kuma ba za a daɗe ba wani zai ɗauki hotunan gwajin Seattle ya liƙa a kan hajarsa. Kallon kitse ake wa rogo. Na'urar kasuwa ba ta da ƙarfin, ba ta da tsarin bugun, kuma babu wanda ya san inda zai manna ta.

Mu a nan, hanyar da raunin ka ya fi biyowa ba ɓoyayya ba ce. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya da tukunya a ka, aka yi ta dariya har a kafofin labarai na waje. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100. Amma ga wanda abin ya riga ya faru da shi, lissafin da ya fi damuna na zirga-zirga ne. A gwajin 2024 sai da kowane mutum ya je aƙalla zama 48 cikin wata huɗu, rabinsu ma ba da lantarki ba. Iyali nawa ne daga ƙauyen Jigawa ko Katsina za su iya kawo mara lafiya asibitin ƙashi na Dala ko wani asibitin koyarwa sau uku a mako, da kuɗin mota na mutum biyu, da ranar aikin mai rakiya da ta tafi? Yawanci ana sallamar mutum daga gadon asibiti, a je gashi sau huɗu ko biyar, kuɗi ya ƙare, a koma gida a ce sai addu'a. Ko yau aka sauke mana na'urar kyauta, rabin maganin da take buƙata, wato atisaye a kai a kai, shi ne wanda muke kasa samu tun kafin ta zo. Ta wani gefen kuma, a cikin duk dabarun zaburar da laka ita ce kaɗai za a iya tunanin zuwanta irin asibitocinmu, tunda ba ta buƙatar ɗakin tiyata, batir da filasta da likitan gashi da aka horar ne jarinta.

Shi yaron layinmu bai taɓa ganin wannan na'ura ba. Abin da likitan ya duba a ranar nan, bayan ya amsa wa Mama, shi ne babban yatsa. Ya tallafe hannun, ya jira ƙagewar ta ɗan lafa, ya ce, "Malam, ɗaga wannan." Aka yi shiru. Yatsan ya motsa kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Irin wannan ɗan motsin ne masu binciken ke nema kafin su ɗauki mutum, don shi ke nuna moɗar nan tana zuwa. Aikin gida da aka ba shi faranti ne da gyaɗa da kwano, bayan an jiƙa hannun a ruwan ɗumi an miƙar da yatsun. Mahaifiyarsa ke ƙirgawa. Makon jiya bakwai ya kwashe kafin yatsun su sake dunƙulewa.